Launin Toka Iri Biyu, Falo Ɗaya: Nazarin Wani Aikin Fenti a Garwa

Gidan da wannan nazari ya shafa yana unguwar Marware a birnin Garwa, hedikwatar yankin Arewa na ƙasar Kamaru, kuma aikin da aka yi a cikinsa bai wuce sabunta fentin falo da na lungun da ke kaiwa ɗakunan kwana ba, gabanin bikin aurar da 'yar gidan. Maigidan ɗan kasuwa ne, uwargidan kuwa ita ce ke da ta cewa a kan kayan ɗaki, sannan akwai babban ɗansu da ke karatu a Amurka, wanda shi ne ya kawo shawarar a bar ruwan madarar da aka saba shafawa a koma ruwan toka. Ya turo hotunan launuka biyu ta WhatsApp, dukansu na kamfanin Sherwin-Williams, wanda aka kafa a birnin Cleveland na jihar Ohio a shekarar 1866. Ɗaya sunansa Agreeable Gray, mai lamba SW 7029, ɗayan kuma Repose Gray, mai lamba SW 7015. Ya ce a zaɓi ɗaya.

A fuskar wayar maigida launukan biyu ba su da wani bambanci, a ta uwargida kuma ɗaya ya fito da ɗan shuɗi, a ta mai fenti dukansu sun yi fari fat saboda ya ƙure hasken wayarsa. Wannan bai zo da mamaki ba, domin fuskar waya haske take fitarwa daga cikinta, bango kuwa hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa, ga shi kowace waya da yadda aka saita launinta. Don haka aka dakatar da maganar har sai da ɗan ya aiko da ainihin katunan launin na takarda ta hannun wani ɗan uwa da ya dawo gida ta Duwala. Daga ranar da katunan suka iso ne za a ce an fara kwatanta launi da launi.

Abin da takarda ta nuna

Kamfanonin fenti suna bai wa kowane launi wata lamba da ake kira LRV, wadda ke nuna yawan hasken da launin ke mayarwa, daga 0 na baƙi ƙirin zuwa 100 na fari sol. Agreeable Gray yana kan 60, Repose Gray yana kan 58. Tazarar maki biyu a irin wannan ma'auni ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ido ba ya kama ta sai an jera katunan gefe da gefe, kuma ko kusa ba ta isa ta sa ɗaki ya yi duhu ko ya yi haske ba. Bambancin da ke da muhimmanci yana wajen da kowane launi ya karkata. A lissafin ja da kore da shuɗi da kwamfuta ke amfani da shi, na farko yana da 209 da 203 da 193, na biyu kuma 204 da 201 da 192. Wato a na farko ja ya ɗara shuɗi da maki 16, a na biyu da maki 12 kawai. Dukansu biyu toka ce mai ɗan ɗumi, sai dai na farko ya fi jan ruwan ƙasa, na biyu kuma ya fi kusa da tsantsar toka, shi ya sa a wani hasken yakan yi kamar yana da ɗigon shuɗi ko na kore.

Uwargida ta zaɓi na biyu tun kallon farko, kuma hujjarta mai ƙarfi ce. Ta ce ta gaji da bangon da ke kama da wanda ƙura ta riga ta hau, tana son launin da ido zai gani ya ji sanyi, musamman a garin da zafin watannin Maris da Afrilu ke haura digiri 40. Maigida bai nuna fifiko ba, abin da ya dame shi kawai kada baƙi su shigo su zaci filastar siminti ce ba a yi mata fenti ba. A nawa ganin wannan damuwa ta maigida ita ce mafi nauyi a cikin duk abin da aka faɗa, domin a unguwannin da gidaje da yawa ke tsaye da filasta tsirara, launin da a wata ƙasa ake ɗauka ado ne yana iya zama alamar cewa kuɗin gini sun ƙare kafin a kai ga fenti. Game da sanyi kuwa, ya kamata a faɗi gaskiya: launin bangon ciki yana canza yadda ido ke jin ɗaki, amma ba ya rage zafin da kwanon rufi ke saukarwa.

Haɗin farko da abin da ya fito

Shagon da ake sayen kayan aikin ba ya sayar da fentin wancan kamfani, ba shi kuma da na'urar haɗa launi. Abin da yake da shi farin fentin ruwa ne a bokitai, da ƙananan kwalaben kala da ake ɗigawa a ciki, da kuma littafin launuka na tsarin RAL, wanda ya samo asali daga Jamus a shekarar 1927 da launuka 40 kacal, kuma a cikinsa duk lambar da ta fara da 7 ta dangin toka ce. An ɗora katunan biyu a kan littafin. RAL 7035, wanda shi ne launin da aka saba gani a jikin akwatunan lantarki, ya yi kusa da su a haske amma ya fi su sanyi nesa ba kusa ba, RAL 7044 kuma ya yi kusa da su a ɗumi amma ya fi su duhu. Babu wanda ya dace, saboda haka ya zama dole mai fenti ya haɗa da hannunsa.

Mai fentin gwani ne a aikinsa, amma mafi yawan abin da ya saba haɗawa ruwan madara ne da ruwan hoda da kore, don haka ya bi hanyar da kowa zai fara tunani: ya zuba baƙar kala a cikin farin fenti ya juya. Da ya shafa a gefen ƙofa ya bushe, sai ga toka mai shuɗi-shuɗi wadda ba ta yi kama da ko ɗaya daga cikin katunan ba. Dalilin yana cikin sinadaran kansu. Farin fentin zamani daga titaniyom ake samun farinsa, baƙar kala kuma galibi garin kabon ce mai laushi ainun, idan aka gauraya su biyun launin da ke fita yakan karkata zuwa shuɗi. Kafin a sami toka mai ɗumi sai an ƙara rawaya irin ta tsatsar ƙarfe, a kuma ɗiga ja kaɗan na wannan dangin, don su kashe shuɗin. Da daddare, da aka kunna ƙwayayen lantarkin falon, maigida ya tsaya gaban wurin gwajin ya ce, "Malam, wannan ai siminti ka mayar mana." Mai fenti ya amsa da cewa, "Alhaji, a yi mini haƙuri zuwa gobe, akwai abin da bai shiga ba."

Daga nan aka canza tsarin aikin. An samo fale-falen katako guda biyu, kowanne ya kai kusan mita ɗaya a tsawo, aka yi musu farin shafi na ƙasa, sannan aka riƙa gwada haɗin a kansu maimakon a kan bango, domin tsohon ruwan madarar da ke jikin bangon yana ruɗar ido. Wannan ruɗi sananne ne tun da daɗewa. Wani masanin sinadarai na Faransa, Michel-Eugène Chevreul, wanda ya shugabanci sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Paris, ya yi bayani a littafinsa na 1839 cewa launi yana sauya kama gwargwadon launin da ke maƙwabtaka da shi, ta yadda toka a gefen rawaya takan yi kamar mai shuɗi, a gefen shuɗi kuma takan yi kamar mai rawaya. Ke nan wani ɓangare na shuɗin da aka gani a gefen ƙofa daga tsohon fenti ya fito. An kuma daina auna kala da murfin kwalba, aka koma sirinji, ana rubuta adadin da ya shiga kowace lita a littafi, kuma ba a yanke hukunci a kan haɗi sai ya bushe sarai, tunda fentin ruwa yana sauya kama tsakanin ɗanyensa da busasshensa. Da haka aka sami haɗi biyu da suka yi daidai da katunan a hasken inuwar baranda.

Hasken falon

A nan ne aka fi ɓata lokaci, kuma a nan ne ainihin amsar ta fito. Falon yana da mita 6 a tsawo da mita 4 da rabi a faɗi, tsayin bangonsa mita 3. Yana da babbar taga a yamma wadda ke kallon tsakar gida mai yashi ja-ja, da ƙaramar taga a arewa wadda bishiyar darbejiya ta yi wa rumfa, ƙofarsa kuma tana gabas a ƙarƙashin baranda. Tayil ɗin ƙasa ruwan madara ne mai jijiyoyin ruwan ƙasa, kujerun kuma na fata ne masu launin goro, kuma babu niyyar canza ko ɗaya daga cikinsu. An riƙa jingina allunan biyu a kowane bango ana dubawa da hantsi, da azahar, da la'asar, da kuma bayan isha'i.

Da hantsi, a watan Fabrairu da aka yi gwajin, hazon hunturu yana tace rana, hasken da ke shigowa fari ne mai laushi, kuma a wannan lokaci allon Repose ya fi kyau ba tare da wata gardama ba. Ya fito tsaf, silin ɗin da ke samansa ya ƙara fari, na Agreeable kuwa ya yi kamar ya ɗan tsufa. Da azahar bambancin ya kusan ɓacewa. Bayan la'asar, da rana ta faɗo ta tagar yamma, hasken da ya bugi yashin tsakar gida ya shigo da ja-ja, sai dukansu suka yi ɗumi, amma na Repose ya ɗauki wata kama mai ɗan shunayya a bangon gabas, abin da uwargida da kanta ta lura da shi kafin kowa ya yi magana. A kusa da tagar arewa kuwa ganyen darbejiya ne ke yi wa haske rini, kuma allon Repose ya sha koren fiye da ɗan uwansa, har gefensa ya yi kamar bangon da danshi ya taɓa. Dalilin ɗaya ne a duk wuraren: launin da ya fi kusa da tsantsar toka ba shi da wata karkata mai ƙarfi ta kansa, don haka duk abin da ɗaki ya watsa masa sai ya nuna, wanda ya ɗan fi jan ruwan ƙasa kuwa yana riƙe kamarsa.

Ɗan da ke Amurka ya yi ta nanata wata ƙa'ida da ya karanta, cewa ɗakin da tagarsa ke kallon arewa hasken sanyi yake samu duk shekara, don haka a yi la'akari da hakan. Ƙa'idar gaskiya ce a inda aka rubuta ta. Cleveland tana wajen digiri 41 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma duk ƙasar da ke arewa da digiri 23 da rabi ranar tsaka kullum ta kudu take bi, ba ta taɓa leƙowa ta tagar arewa. Garwa kuwa tana wajen digiri 9 ne kawai. Rana tana tsayawa daidai tsakar ka sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da kuma ƙarshen Agusta, kuma tsakanin waɗannan lokuta biyu ta arewa take karkata. Ma'ana, tagar da ke cikin inuwa a watan Fabrairu za ta sha rana a watan Yuni, kuma duk wanda ya zaɓi launi a Garwa bisa shawarar da aka rubuta don gidajen Ohio zai ga abin da bai yi tsammani ba idan damina ta kankama.

Saura hasken dare, wanda a gidan da ake taron biki da hira bayan isha'i ya fi na rana muhimmanci. Ƙwayayen da ke falon na LED ne masu lamba 6500K a jikin kwalinsu, wato lambar da ke nuna launin hasken ƙwai, irin farin nan mai shuɗi da ya cika kasuwa. A ƙarƙashinsu allon Repose ya koma kusa da siminti, abin da maigida ke gudu ke nan, tayil ɗin ƙasa kuma ya yi rawaya kamar ba a goge shi ba, domin bangon mai sanyi yana ƙara fito da rawayarsa. Allon Agreeable ya zama toka mai tsabta, wato ya yi irin kamar da uwargida ke nema daga ɗayan. Da aka gwada ƙwai mai 2700K, wanda haskensa ya yi kama da na tsohon ƙwan lantarki mai zare, sai Agreeable ya koma ruwan madara, tokar ta ɓace gaba ɗaya, Repose kuma ya yi kyau. Da ƙwai mai 4000K, wanda ke tsakiya, kowanne ya fito kusa da yadda yake a katinsa. Canjin da ƙwan lantarki kaɗai ya kawo wa allo ɗaya ya fi bambancin da ke tsakanin allunan biyu girma.

An kuma bar allunan a baranda na wasu kwanaki don a ga yadda ƙura za ta zauna a kansu. Yawancin ƙurar hunturun da ke sauka a wannan yanki daga kwarin Bodele na arewacin Cadi take tasowa, inda busasshen gindin tsohon tafki ya bar farar ƙasa mai laushi, amma kafin ta shiga ɗaki ta gauraya da jar ƙurar titunan gari. Da aka ja yatsa a kan allon Repose layin ya fito fili, a kan na Agreeable sai an matso kusa ake ganinsa.

Hukunci da aiwatarwa

Uwargida ce ta yanke hukunci, kuma ta yanke shi ne a kan tayil da kujeru, ba a kan katunan ba. Ta ce, "Alhaji, tunda ba za a cire tayil ɗin nan ba, a shafa wanda ya yi zama da shi, amma a canza mini ƙwayayen nan." Aka tsaya a kan haɗin Agreeable da ƙwayaye masu 4000K. Ina ganin da a ce ƙasan falon farin tayil ne ko mai ruwan toka, kujerun kuma masu shuɗi ko baƙi, to zaɓinta na farko ne zai yi nasara, domin Repose ba shi da wani aibi a kansa, kayan da ya tarar a ɗakin ne ba su karɓe shi ba.

Lissafin fentin bai yi wahala ba. Kewayen falon mita 21 ne, idan aka ninka da tsayin mita 3 aka cire ƙofa da tagogi, abin da ya rage ya kai murabba'in mita 54, shafi biyu kuma ya zama 108. Lita ɗaya ta fentin ruwa takan rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a bango mai sumul, don haka ana bukatar tsakanin lita 11 da 14. Abin da aka fi kiyayewa shi ne a haɗa dukan fentin a lokaci guda cikin babban mazubi ɗaya, har da rarar da za a ajiye, domin haɗin hannu ba ya maimaita kansa daidai, kuma a launi mai haske irin wannan ɗigo kaɗan na baƙi yana raba bango biyu. Wurin da aka yi sabuwar filasta a ƙarƙashin tagar yamma, inda aka toshe wata tsaga, an bar shi ya bushe makonni kafin a taɓa shi, saboda ɗanyen siminti yana da kaifin da ke cin launi, yana kuma fitar da farin gishiri a fuskar fenti. Sauran bangon aka goge da samfefa, aka share ƙura, aka yi farin shafi na ƙasa don tsohon ruwan madara kada ya leƙo, sannan aka bi da rola sau biyu, ana farawa da sassafe kafin zafi ya sa fenti ya riƙa bushewa a bakin rola ya bar layi.

A falo an yi amfani da fenti marar sheƙi, domin hasken la'asar da ke shigowa a karkace yana tona duk wani tudu da kwari na filasta idan bango yana ƙyalli. Lungun ɗakunan kwana kuwa ya zo da tasa matsalar. Ba shi da taga, kuma haɗin da ya yi kyau a falo ya yi duhu a cikinsa, ya koma kamar laka. Mai fenti ya ɗebi wani kaso ya ƙara masa fari, aka kuma zaɓi mai ɗan sheƙi don a iya goge sawun hannun yara da tsumma. Wanda ya tsaya a bakin lungun yana ganin kamar launi ɗaya ne da na falo, alhali a bokiti sun bambanta fiye da yadda katunan Amurka biyu suka bambanta.

Bayan biki, da damina ta sauka rana ta koma arewa, hasken da ke ratsa darbejiya da tsakar rana ya ƙaru, kuma bangon kudu da ke fuskantar ƙaramar tagar ya riƙa yin rawaya fiye da yadda uwargida ke so. Ba a sake fenti ba, sai ta cire labulen tagar mai ruwan zuma ta sa fari mai kauri, rawayar ta ragu. A wannan lokaci ne kuma aka goga kujera a bangon gabas fenti ya kankare, aka ɗauko rarar da aka ajiye aka shafa a wurin da burushi. Da rana facin bai nuna ba, amma da daddare yana fitowa kamar tabo, saboda tsohon shafin ya riga ya sha ƙura da guga, kuma sawun burushi ba ya mayar da haske kamar sawun rola. Mai fenti ya dawo ya sake bin bangon gabas ɗin gaba ɗaya da rola, daga kusurwa zuwa kusurwa, da ragowar abin da ke cikin mazubin.